Kwas ɗin ruwa da ya hana ni barci

Ranar da na gaya wa Baba a waya cewa an ɗauke ni a tsarin "onas" (karatu na musamman na ɗalibai masu ƙoƙari) na makarantarmu a nan Amurka, cewa ya yi to ai kowa ma da Hons yake fitowa, ga takardar yayanka nan. Da gaskiyarsa, a gida haka ne. Nan kuwa sai an zaɓe ka, kuma in GPA ɗinka, wato matsakaicin makinka, ya yi ƙasa su sallame ka ba ko sannu. Tun 1922 Frank Aydelotte, shugaban kwalejin Swarthmore ta nan Amurka a lokacin, ya kafa irinsa a kwalejin, daga Oxford ya kwaikwayo.

Ni kemistiri nake karantawa, amma dole ka ɗauki kwas da ba na sashenku ba. Na zaci irin GST ɗinmu ne, ka haddace handawut ka juye musu ka manta. Ashe ba nan gizo ke saƙa ba. Mu 14 ne a teburi ɗaya, babu bayan aji balle ka ɓuya, malamai biyu, ɗaya kemistiri ɗaya tarihi, kuma samista guda cur maganar ruwa kawai ake yi.

Mun daɗe a kan garin Flint na jihar Michigan, inda a 2014 aka koma jan ruwa daga kogi ba a zuba sinadarin da ke hana bututu ciwa ba, dalma ta dinga narkewa cikin ruwan famfo. Wannan ɓangaren kam ina ta zuba, har da ɗaga kafaɗa. Sai malamar tarihi ta ce to su waye a garin, me ya sa suka yi ta kuka fiye da shekara ba a saurare su ba? Tsit na yi.

Da aka zo rubutu sai na ɗauko gubar dalma ta Zamfara ta 2010, Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu. Shafi goma na cika da yadda dalma ke shiga jini. Malamar tarihin ta dawo min da shi da jan biro a gefe: me ya kai duwatsun zinariya masu ɗauke da dalmar cikin gidaje, wa ke daka su? Wallahi kunya ta kama ni, ni da na tashi ina jin ƙarar turmi kullum safiya ban taɓa kawo matan da ke dakan a tsakar gida da goyo a baya a raina ba.

Juma'a zan mayar mata da gyara, shafi huɗu na riga na yage.