Hakeem Olajuwon, daga filin Sakkwato zuwa Houston

Jiya da yamma na raka ɗan yayata filin ƙwallon kwando na unguwarmu, yaron shekararsa 16 amma sai ya sunkuya yake shiga ɗakin uwarsa. Muna tafe yake ce min wai Kawu ni fa na makara, sa'o'ina tun firamare suka fara. Wallahi maganar ta taɓa ni, nan take na ce zauna in ba ka labarin Hakeem Olajuwon.

A Legas aka haife shi a 1963, iyayensa siminti suke sayarwa. Yana yaro ba ruwansa da kwando, gola ne a ƙwallon ƙafa kuma yana buga ƙwallon hannu. Makarantarsu Muslim Teachers College ta je gasar wasanni a Sakkwato, shi a tawagar ƙwallon hannu ya tafi, sai wani ɗalibi ya roƙi koci a ara musu dogon nan a kwando, aka yarda, lokacin yana ɗan shekara 15. Sakkwato fa, nan gida!

A 1980 ya sauka Amurka don gwaji a Jami'ar Houston, ba wanda ya zo tarbarsa a filin jirgi, tasi ya hau ya kai kansa. Shekarar farko ko wasa ɗaya bai buga ba, ta biyu ma daga benci koci Guy Lewis yake sako shi. To a nan ne nake so yarona ya buɗe kunne, don da aka yi hutu bai je ya kwanta ba, kullum yana filin Fonde da ke Houston yana karawa da Moses Malone, ƙaton ɗan wasan da NBA, babbar gasar kwandon Amurka, ta riga ta sani, ana ture shi yana tashi ana ƙwace masa ƙwallo yana komawa har jikinsa ya yi ƙwari ya daina tsoron kowa a ƙarƙashin kwando. Da aka koma makaranta shi da Clyde Drexler suka kai fainal ɗin jami'o'i a 1983, jami'ar NC State ta cinye su 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe, amma duk da haka shi aka ba gwarzon gasar. A 1984 Jami'ar Houston ta sake zuwa, jami'ar Georgetown ta su Patrick Ewing ta doke su.

A wannan shekarar Houston Rockets ta ɗauke shi na ɗaya a zaɓen 'yan wasa, Michael Jordan na uku. Kofi kuwa sai da ya jira shekara goma. A fainal ɗin 1994 ya haɗu da Ewing ɗin nan dai, wannan karon Ewing yana New York Knicks, aka yi wasa bakwai Hakeem ya rama, ya haɗa gwarzon shekara da gwarzon tsaron gida da gwarzon fainal a kaka ɗaya. A fainal ɗin 1995 suka share Orlando ta su Shaquille O'Neal wasa 4 da nema. In ka kalli bidiyonsa ka bar hannun ka dubi ƙafar, yadda yake yi kamar zai bi dama sai ya juya hagu ya bar mutum yana tsalle shi kaɗai, shi da kansa ya ce daga ƙwallon ƙafa ya samo. Sau 3,830 ya tare ƙwallo a NBA, har yau shi ne a sama.

Ni dai abin da ya fi sa nake ganin girmansa azumi ne. Ramadan ya kama 1 ga Fabrairu 1995, mutumin nan ya ci gaba da azuminsa a tsakiyar kaka, kuma shi aka zaɓa gwarzon watan. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallon yamma da bakin azumi ya san yadda maƙogwaro yake bushewa. Sannan ga maganar takalmi, ya sa sunansa a na Spalding mai kusan dala 35 don uwa mai yara ta iya saya, alhali na sauran taurari ya haura dala ɗari.

Da na zo nan sai yaron ya kalli ƙafarsa, kambas ɗinsa ya fashe ta gefen babban yatsa, ya naɗe da salatif. Lamba 47 yake sawa, ba a cika samu a shago ba. Na ce ya shirya ran Asabar da sassafe mu shiga wajen 'yan gwanjo.