Na'urar da ba ta cin faifai

Duk wanda ya zo neman shawarata kan sayen na'urar gem, abin da nake fara gaya masa shi ne kada ya ɗauki wadda ba ta cin faifai, ko da mai shago ya yi masa ragi mai yawa. Ina da gidan gem a Samaru, inda ɗaliban jami'a da yaran unguwa ke zuwa su biya kuɗin wasa, su ɗauki fad, wato abin sarrafa gem da hannu, su buga ƙwallo. Da wannan sana'a nake ciyar da iyalina, shi ya sa maganar faifai take ci mini tuwo a ƙwarya.

A Nuwamba 2020 kamfanin Sony ya fito da na'urarsa PlayStation 5, wato PS5, iri biyu, mai cin faifai da marar ci. A lokacin mutum yana da zaɓi. Da aka zo PS5 Pro a Nuwamba 2024, sai ga na'urar dala 700 babu wurin sa faifai kwata-kwata. Mai so sai ya ƙara dala 80 ya sayi abin karanta faifan daban, shi ma ba zai fara aiki ba sai an haɗa na'urar da intanet an yi masa rajista. Xbox Series S ta Microsoft haka ta zo tun 2020. Nintendo kuwa, a Switch 2 da ta fito a 2025, akwai gem ɗin da za ka saya a kwalinsa da katinsa, amma gem ɗin ba ya cikin katin. Makulli ne kawai a ciki, sai ka je intanet ka sauke. Dalilin kamfanonin a fili yake. Ba kuɗin buga faifai, ba kuɗin jirgi, ba kason mai shago. Babban dalilin kuma shi ne faifan da aka sake sayarwa ba ya kawo wa kamfani ko kwabo.

To, wannan faifan na hannu, shi ne hanyar da gem na halal yake iso mu a Zariya. Wani a Ingila ko Amurka ya saya sabo, ya buga ya gama, ya sayar da shi rabin kuɗi. 'Yan kasuwa su tattaro su shigo da shi ta Legas, daga Alaba ko Ikeja ya hau mota zuwa Kano ko Kaduna, ya sauka a shagunan PZ da Sabon Gari. Kafin ya iso hannuna kuɗinsa ya faɗo inda zan iya kai hannu. Idan yara sun gaji da shi, in mayar wa mai shago in cika ɗan abin da ya sawwaƙa ya ba ni wani. Wanda na mayar kuma wani mai gidan gem a Kwangila ko Tudun Wada ya ɗauka. Faifai ɗaya sai ya ratsa hannu biyar ko shida, kuma babu wanda ya yi sata a cikinmu, domin wanda ya yi gem ɗin an biya shi tun a cinikin farko. Ranar da aka daina buga faifai, wannan hanya ta toshe.

Za a ce ai ga shagon intanet nan, kowa ya shiga ya saya. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama ya buɗe asusun PlayStation daga nan ba. In ka zo wurin zaɓar ƙasa, babu Najeriya a jerin. A duk ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, Afirka ta Kudu kaɗai aka sa. Abin da kowa yake yi shi ne ya zaɓi Amurka ko Ingila, ya lalubo adireshin wani gida da bai taɓa gani ba ya rubuta, sannan ya nemi masu sayar da katin kuɗin shagon ya saya da tsada. Ma'ana, mutumin da ya ƙudurta a ransa zai biya halal, sai ya fara da ƙarya kafin a karɓi kuɗinsa, kuma asusun da ya zuba wa dukiya yana tsaye ne a kan bayanin da ya saɓa wa sharuɗɗan kamfanin. Duniya ta ga girman wannan matsala a Mayu 2024, lokacin da aka ce dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa da asusun PlayStation. Nan take aka cire gem ɗin daga Steam, shagon intanet na gem ɗin kwamfuta, a ƙasashe da yankuna sama da 170, saboda mutanensu ba su da ikon buɗe asusun. Da ihu ya yi yawa Sony ta janye sharaɗin cikin 'yan kwanaki, amma abin ya nuna yawan jama'ar da ba a sa su a lissafi ba.

Sai kuma farashi. Sabon babban gem dala 70 ne. Tun da aka saki naira a Yuni 2023 dala ta yi ta hawa har ta haura naira 1,500 a 2024. In ka buga lissafi a kan haka, gem ɗaya ya kai naira 105,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yuli 2024 naira 70,000 ne. A shagon intanet babu na hannu, babu musaya, babu "Alhaji a duba mini". Ko ka biya, saura saukewa. Wasu gem ɗin sun haura gigabait 100, ga shi a farkon 2025 an amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ga wuta, wadda in an ɗauke ana tsakiyar saukewa sai ka tada janareta kana ƙona mai, ba don wani yaro yana wasa ya biya ka ba, sai don wata lamba ta cika a fuskar talabijin.

Ba zan wanke sana'armu ba. Kowa ya san yawancin gidajen gem a garin nan da gem ɗin lodi suke aiki. Tun zamanin PS2 ake sa wa na'ura cif don ta karɓi faifan kwafi, mu da muka tashi da gem ɗin ƙwallo na Winning Eleven a kan irinsa muka koyi riƙe fad. Da aka zo PS3 da PS4 sai aka koma fasa makullin na'urar a cika mata ciki da gem. Akwai abokan sana'ata da ke cewa ai kayan Turawa da Japanawa ne, ba su san ma muna yi ba. Ban yarda da wannan magana ba, domin na ga abin da kwafi ya yi wa namu na gida. Kasuwar faifan finafinan Hausa a gabanmu ta mutu. Fim ya fito yau, gobe yana hannun masu turawa a waya a bakin kowace tasha, furodusa ya sayar da fili ko mota ya yi fim ya tashi a tutar babu. Da yawansu sai da suka koma yin shiri mai dogon zango a YouTube kafin suka samu na cefane. Wanda ya zana ciyawar filin ƙwallon da yarana ke bugawa, shi ma ma'aikaci ne mai iyali, guminsa bai zama halal a gare ni ba don yana nesa.

Addini da doka ma ba su bar mana kafar zamewa ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a taɓa ba. A nan gida kuma, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta hana fasa makullin da mai fasaha ya sa wa kayansa, irin hanin da Amurka ta yi tun 1998. Na karɓi wannan duka. Abin da nake cewa shi ne mai saye ma yana da haƙƙi, kuma nasa ne ake ta zaftarewa ba mai magana.

A duba abin da ya faru da The Crew, gem ɗin tseren mota da Ubisoft ta fitar a 2014. A Disamba 2023 aka cire shi daga kasuwa, a ƙarshen Maris 2024 aka kashe manyan kwamfutocin kamfanin da yake jingina da su. Daga ranar babu wanda ya sake buga shi ta hanyar da kamfanin ya tanada, har wanda yake son ya yi tuƙinsa shi kaɗai ba tare da kowa ba. Daga baya ma aka janye lasisin buga shi daga asusun mutanen da suka saya. Wani abin da ya fi tada mini hankali shi ne masu faifai ma ba su tsira ba, nasu ya zama roba kawai, domin gem ɗin an gina shi ne yadda ba ya motsi sai ya ji daga kamfani. Saboda haka in na ce faifai, ina nufin wanda gem ɗin yake ciki gaba ɗaya, wanda za ka sa a na'ura a ƙauyen da babu sabis ya tashi.

Na taɓa kai wa wani malaminmu na Tudun Wada wannan mas'ala bayan karatun magariba. Na ce, Allah gafarta Malam, mutum ya biya kuɗin abu cikakke, aka ce nasa ne, amma mai kayan yana da ikon karɓewa duk ranar da ya ga dama. Malam bai san gem ba, amma ya san babin ciniki. Ya nuna mini cewa in saye ne, mallaka tana komawa ga mai saye, ya sayar ko ya kyautar ko a gada. In kuma haya ce, dole a san wa'adinta tun a wurin ƙullawa. Wannan namu bai cika sharaɗin ko ɗaya ba. Cinikin biri a sama ne, ka ba da kuɗi ba ka san ko shekara goma ka saya ko wata goma ba.

Can inda kamfanonin suke ma mutane sun farka. Jihar Kalifoniya ta yi doka a Satumba 2024 da ta tilasta wa shagunan intanet su bayyana wa mai biya cewa lasisi yake karɓa, wanda ana iya janyewa. Ba a daɗe ba Steam ta fara rubuta hakan a wurin biyan kuɗi. Wani mai suna Ross Scott ya fara gangamin Stop Killing Games saboda abin da ya faru da The Crew, kuma a 2025 takardar kokensu ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya. Buƙatarsu mai sauƙi ce. Ba su ce kamfani ya ci gaba da kashe kuɗi har abada ba, cewa suka yi in zai tafi ya bar gem ɗin yadda wanda ya saya zai iya bugawa. Kuma an san ihu yana aiki. A 2013 Microsoft ta shirya Xbox One yadda sai ta leƙa intanet sau ɗaya duk awa 24, tare da takura sayar da faifan hannu. Jama'a suka ƙi, kamfanin ya janye tun kafin na'urar ta shiga kasuwa. Da wancan tsari ya tabbata, da babu gidan gem ɗaya a Zariya da zai iya ajiye ta.

Akwai kuma ɓacewar tsofaffin gem. Wani bincike da gidauniyar tarihin gem ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na gem ɗin da aka fitar a can kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa a lokacin. A Maris na shekarar Nintendo ta rufe shagon intanet na na'urorinta 3DS da Wii U. Kamfanin EA ma, mai yin gem ɗin ƙwallo na FIFA, da ya rabu da sunan ya koma FC 24, sai ya kwashe tsofaffin FIFA daga shagunan intanet. Amma ka bi hanyar Bomo ko Shika ko Giwa, za ka tarar da PS2, na'urar da ta fito tun 2000, tana aiki a ƙarƙashin rumfa da ƙaramin janareta, yara sun yi layi. Idon karanta faifan ya mutu, mai gyara a Sabon Gari ya canza. Fad ya lalace, a haɗa biyu a fitar da ɗaya. Ba ta neman izinin kowa kafin ta tashi. Ina shakkar a ce na'urar da ake sayarwa yau za ta yi wa yaran ƙauye irin wannan hidima nan da shekara ashirin, bayan an rufe shagon da take dogara da shi.

Muna da hukumar kare haƙƙin mallaka, muna kuma da hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC. Ina so in ga ranar da za su zauna da waɗannan kamfanoni su ce musu mutum sama da miliyan 200 ne a ƙasar nan, yawancinsu matasa, a sa Najeriya a jerin ƙasashe, a karɓi naira, a yi farashin da ya dace da aljihunmu. Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. 'Yan'uwana masu shago a PZ da Sabon Gari, don Allah in uba ya zo saya wa ɗansa na'ura, ku gaya masa gaskiya cewa marar faifan nan mai araha ba za ta karɓi na aro ko na hannu ba, kuma duk gem ɗin da zai sa mata sai da dala da data. In kuma kun sayar da na'ura da gem a cikin wani asusu, ku faɗa masa asusun na wane ne, da abin da zai faru ranar da mai shi ya canza lambar sirri.