Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Wasiƙar da aka ɓoye mana

A makon jiya na tsaya a inda aka zaɓe ni cikin kwamitin ladabtarwa na ƙungiyarmu ta masu ƙimanta gidaje da filaye. Ba a yi wata biyu ba aka kawo mana ƙarar farko.

Wani matashi ne, shekararsa biyu kacal da karɓar hatimin sana'a. Ya ƙimanta gidan da za a jinginar wa banki, ashe mai gidan surukinsa ne, bai kuwa faɗa wa kowa ba. Ƙa'idarmu a bayyane take: in kana da alaƙa da mai kadara, ka sanar a rubuce kafin ka karɓi aikin, ko ka bar wa wani. Da muka ɗauko cinikin gidaje uku masu kama da wannan da aka sayar a kusa da shi, sai muka ga ƙimar da ya rubuta ta zarce su nesa ba kusa ba. Muka dakatar da shi shekara ɗaya. Ya yi kuka a gabanmu, ni ma ban yi barci ba daren nan. Amma ban taɓa nadamar sa hannu ba, domin banki ba ya zuwa ya auna ɗakuna da kansa. Sa hannunmu yake gani ya saki kuɗin mutane.

Bayan 'yan watanni, ana shirin taron shekara, wani ma'aikacin ofishin ƙungiya ya tsegunta mini cewa oditan da ke duba asusunmu ya rubuto wasiƙa. A ciki ya koka cewa ana fitar da kuɗin mambobi da sa hannun mutum ɗaya, kuma ana daɗewa ba a daidaita littafin ma'aji da takardun banki ba. Wasiƙar ta kwana a aljihun tebur, ba a kawo ta majalisar gudanarwa ba, wadda ni ma nake cikinta, alhali mu ne aka ɗora wa amanar.

A zama na gaba na ɗaga hannu na tambaya. Ɗakin ya yi tsit. Shugabanmu a lokacin shi ne maigidana, wanda ya koya mini riƙe tef ɗin awo da rubuta rahoto, wanda ya tsaya mini ranar da na nemi zama mamba. Da aka tashi sai ya ja ni gefe.

"Ɗana," ya ce, "babu wanda ya ci ko sisi. Muna gyarawa a hankali. In maganar nan ta fita, bankuna za su raina mu gaba ɗaya."

"Ranka ya daɗe, na yarda babu wanda ya ci," na ce. "Amma yaron nan da muka dakatar, ɓoyewa muka fara kama shi da ita."

Bai amsa ba. Ya dube ni irin kallon da uba ke yi wa ɗan da ya ɗaga masa murya, ya juya ya tafi. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi, domin na san da gaskiya ya yi maganar, kuma ina sonsa.

A kwanakin ne, cikin Satumban 2021, aka fitar da rahoton lauya Alison Levitt a kan RICS, ƙungiyar masu wannan sana'a da aka kafa a Landan tun 1868, wadda yawancinmu muke kallo a matsayin uwa. A ƙarshen 2018 masu binciken kuɗi na kamfanin BDO sun ba tsarin kula da baitulmalinta maki mafi ƙasa. Daraktoci huɗu waɗanda ba ma'aikatan ƙungiyar ba ne suka dage sai an tattauna rahoton na BDO, sai aka sallame su a 2019. Levitt ta wanke su, ta ce sallamar ba ta kan daidai. Babban jami'in ƙungiyar, Sean Tompkins, da shugabarta, Kathleen Fontana, suka ajiye muƙamansu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne can ma ba sata aka kama ba. Takarda ce aka hana waɗanda ke da haƙƙin ganin ta su gani a kan lokaci, aka kuma ɗauki masu tambaya a matsayin masu neman fitina.

Na yi kwana uku ina juya abin. Matata ta ce in zan rubuta, in rubuta da ladabi, kada in ambaci sunan kowa. Haka na yi. Na nemi abubuwa biyu: a raba wa kowane ɗan majalisa kwafin wasiƙar odita, kuma daga yanzu odita ya riƙa kai rahotonsa kai tsaye ga kwamitin da shugaba da ma'aji ba sa cikinsa. Na zagaya neman masu sa hannu. Mutum shida suka ce suna tare da ni a zuci, biyu ne suka ɗauki biro.

Ranar Litinin da safe na miƙa wa sakatare takardar, na tsaya har ya buga mata hatimin karɓa. Kafin la'asar maigidana ya kira ni a waya, karo na farko tun ranar da muka yi magana. Abin da ya ce mini, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.