Tutoci biyu a gaban majami'a

Aiki bai ba ni wahalar samu ba da na sauka a Houston, na shiga wani gidan kula da tsofaffi ina aikin dare. Garin tuwo da manja da busasshen kifi ma akwai su a shagunan 'yan Najeriya da ke titin Bissonnet. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne inda zan yi sujada in ji hankalina ya kwanta. A ECWA na taso, a Kafanchan, cikin waƙoƙin zumuntar mata da wa'azi da Hausa. Majami'un 'yan Najeriya suna nan da yawa, amma galibinsu na Yarbawa ne da Ibo, kuma suna da nisa ga wadda ba ta da mota. A ƙarshe na tsaya a wata majami'ar Baptist kusa da gida, domin wata dattijuwa a cikinsu ta ɗauki nauyin zuwa ɗaukata kowace Lahadi.

Mutanen kirki ne, ba zan fasa faɗa ba. Su suka kawo mini katifa da tukwane, ɗayansu ya koya mini tuƙi. A gaban majami'ar akwai tutoci biyu, ta Amurka da ta Isra'ila. Mu ma a gida muna ƙaunar Isra'ila. Baba ya je Urushalima da Baitalami tare da masu ziyarar ibada, ya dawo da ruwan Kogin Urdun a kwalba, ana ƙara masa JP a bayan suna, wato wanda ya ziyarci Urushalima. Sai dai ƙaunar da muka sani ta ganin inda Yesu ya taka ce. A nan ta shiga akwatin zaɓe. Ana tambayar ɗan takara matsayinsa a kan Isra'ila kamar yadda ake tambayarsa batun haraji, kuma wasu ba su raba amsarka da bangaskiyarka.

Abin yana da tushe. A ƙarni na 19 wani mai wa'azi, John Nelson Darby, ya koyar da cewa Allah yana da shiri biyu, ɗaya domin Yahudawa, ɗaya domin ikkilisiya, kuma alkawarin ƙasa da aka yi wa Yahudawa yana nan daram sai ya cika. Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield, wanda ya fito a 1909, shi ya shigar da wannan koyarwa cikin gidajen Amurkawa. Da aka kafa Isra'ila a 1948, ta kuma kama gabashin Urushalima a 1967, sai suka ce ga annabci yana cika a idonsu. A nan Texas, a San Antonio, Fasto John Hagee ya kafa ƙungiyar Kiristoci masu goyon bayan Isra'ila a 2006. Ranar da Amurka ta buɗe ofishin jakadancinta a Urushalima a watan Mayun 2018, shi da Fasto Robert Jeffress na Dallas suka yi addu'a a wurin.

A nazarinmu na ranar Laraba, ayar da aka fi jawowa ita ce Farawa 12:3, inda Allah ya ce wa Ibrahim zai sa albarka ga waɗanda suka sa masa albarka, ya la'anta wanda ya la'ance shi. Dattijon da ke jagorantarmu ya yi imani cewa arzikin Amurka yana rataye a kan wannan aya. Akwai wani tsohon malamin makaranta da ba ya yarda. Shi Galatiyawa 3 yake buɗewa: Bulus ya ce zuriyar da aka yi wa alkawari Almasihu ne, kuma duk wanda yake na Almasihu zuriyar Ibrahim ne. Sai dattijon ya mayar masa da Romawa 11, cewa Allah bai yar da jama'arsa ba, mu Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, rassan zaitun na jeji ne da aka ɗaura, kada mu yi fahariya. Dukansu sun san Littafin, kuma dukansu da gaske suke.

Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023, wanda ya kashe kimanin mutum 1,200, aka kuma kwashe wasu zuwa Gaza, mun yi addu'a da hawaye. Wadda ta fito daga kudancin Kaduna ta san mene ne a auka wa gari da asuba. Amma a wurin aikina akwai wani mai gashin ƙashi, Kirista Bafalasɗine, wanda iyayensa 'yan Baitalami ne. Ranar 19 ga watan Oktoban 2023 bam ya faɗa a harabar majami'ar Saint Porphyrius a Gaza, ya kashe aƙalla mutum 16 cikin masu neman mafaka. Sojojin Isra'ila sun ce wani wurin Hamas da ke kusa suka nufa. Mutumin ya tambaye ni ko an ambaci waɗannan a cocinmu. Ba a ambace su ba, ko sau ɗaya.

Ga inda na tsaya. Romawa 11 ta hana ni raina Yahudawa, kuma abin da Kiristocin Turai suka yi musu ƙarni bayan ƙarni abin kunya ne a gare mu. Suna da haƙƙin zama lafiya a ƙasarsu. Amma ban ga ayar da ta ce duk abin da gwamnati ta yi sai mu ce amin ba. Natan ya tsaya a gaban Dauda, Iliya ya tsaya a gaban Ahab saboda gonar inabin Nabot, kuma sarakunan Isra'ila ne su biyun. Littafin Firistoci 19:34 ya umarci Isra'ila ta ƙaunaci baƙon da ke zaune a cikinta kamar kanta. Haka na faɗa a nazarin Laraba, muryata tana rawa, domin baƙuwa ce ni a tsakiyar mutanen da suka rufa mini asiri. Wasu sun rage gaisuwa da ni. Dattijuwar ba ta yarda da ni ba, amma ba ta daina kirana a waya ba.

Da na ba Baba labari, ya yi shiru, sannan ya ce, "'Yata, kin tabbata ba ki taɓa abin da Allah ya keɓe ba?" Na ce, "Baba, da kuka je Baitalami, su wa suka buɗe muku Majami'ar Haihuwa, su wa suka sayar muku da gicciyen itacen zaitun?" Ya ce Larabawa ne, Kiristoci. Bai sauya ra'ayi a kan alkawarin ƙasa ba, ya ce yana nan a kan Farawa 12. Ya dai ce in aiko masa da sunayen majami'un Gaza, zai kai wa dattawa su sa a addu'ar safe.