Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hasken Maigidana a Amstadam

Makon jiya na tsaya a inda jirgi ya sauke mu a Amstadam, mu shida da aka ɗauka kwas ɗin ɗaukar hoto na wata uku. A sati na biyu malamarmu ta kwashe mu sai wani tsohon gida a titin Jodenbreestraat. Gaskiya raina bai so ba. Kyamara na baro Kano in koya, ina ruwana da mai zanen da ya mutu tun 1669?

Gidan Rembrandt ne. Ya saye shi a 1639 lokacin yana tashe, bashi ya yi masa katutu, a 1658 aka yi gwanjon gidan.

A wani ɗaki muka tarar da dattijo yana nuna yadda ake buga zane. Za a shafe farantin jan ƙarfe da kaki, a karce hoton da allura, sannan a tsoma shi cikin asid, ya ci inda allura ta bi kaɗai. Dattijon ya ɗauko wanda asid ya riga ya ci, ya cusa masa tawada, ya goge da ƙyalle, ya ƙarasa da gefen tafin hannunsa. Ya ɗora takarda mai danshi, ya murɗa injin katako. Da ya ɗaga takardar sai ga fuska, dama ta koma hagu kamar a madubi. Irin wannan Rembrandt ya yi kusan 300. Akwai na 1630 da ya zana kansa ya zaro ido, girmansa bai wuce kwalin ashana ba.

Washegari a gidan tarihi na Rijksmuseum aka tsayar da mu gaban hotonsa na 1661, ya tsufa, da farin ɗan rawani a kansa. Haske ya sauko daga sama ta gefe guda, sauran duk duhu. Malama ta ce wannan salon zamanin Barok ne, wato wani tsohon zamanin zane a Turai, kuma har gobe masu hoto suna ajiye fitila haka, su bar ɗan haske mai kusurwa uku ƙarƙashin idon da ke inuwa, suna kiransa hasken Rembrandt.

Tsigar jikina ta tashi. Shekara bakwai ina yin wannan hasken a shagon hoto na maigidana a Fagge! "Kai yaro, ɗaga fitilar nan, matsa da ita gefe, sai ka ga ɗan tsinin haske a kunci." Hasken dattawa yake ce masa, don masu rawani da furfura yake yi wa. Amare kuwa ko kusa, sai su ce ka sa sun yi baƙi.

Da dare na sayi kati na buga masa waya, ina ta zuba bayani. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Wane ne kuma Rambaran? Ni wajen wani Bayarabe na koya a Sabon Gari. Kana dai cin abinci ko?"

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin farantin farko da na karce da hannuna, da yadda asid ya huda mini wando.