Mun iso kan lagireto da fanka a motar da nake haɗawa

Toh jama'a, masu tambayata ina aka kwana a maganar motar nan da nake haɗawa a gida, mun iso kan lagireto da fanka, kuma wallahi wannan wajen ya fi ɗora injin kansa cin tunani. Injin dai na Corolla ne, 4A-FE mai lita 1.6, irin na shekarun 1990 ɗin nan mai jure wahala, shasi kuma bututun ƙarfe ne muka lanƙwasa muka yi masa walda, to sai hancin motar ya fito gajere sosai, lagireton Corolla na asali in na saka shi sai ya leƙo sama da bonet.

Na yanka kwali daidai girman gurbin na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da shi, ina ɗora shi a kan duk lagireton da aka miƙo min, a ƙarshe na Golf 3 ne ya zauna, shi mai faɗi ne mara tsayi, ruwa yana bin sa daga gefe zuwa gefe ne ba daga sama zuwa ƙasa ba. Kuma Golf ai ta cika tashoshinmu, ko a ƙaramin gari ya fashe maka ba za ka rasa wani ba. Beljiyam na saya amma kafin in biya sai da aka toshe bakunansa aka hura masa iska aka nutsa shi a ruwa muka ga babu kumfa, na kuma leƙa cikin bakin da tocila ko akwai farin gishirin nan da ke toshe hanyoyi.

Wajen ɗaurawa mai waldana ya ce min, Oga a sa masa noti huɗu kawai ya kama gam. Na ce a'a maigida, wannan cikinsa alminiyom ne tankunansa roba, matse su kawai aka yi a jikin juna, in ka ɗaure shi kai tsaye a ƙarfe duk girgizar inji da duk murɗewar da shasi zai yi a ramukan hanya a kansa za su ƙare, wata rana sai dai ka ga yana tsattsafo daga haɗin. Sai muka yi masa mazauni biyu a ƙasa da roba mai kauri ya zauna a ciki, sama ma roba, in ka taɓa shi yana ɗan motsi kaɗan, haka ake so.

Lagireton Golf ba shi da murfi a jikinsa, ta wata 'yar tanki daban ake zuba ruwa, kuma wannan ya yi min daidai tunda lagiretona yana ƙasa da kan inji. Dole wajen zuba ruwa ya zama shi ne mafi tudu a duk hanyar ruwan, in ba haka ba iska za ta taru a kan silinda ta ƙi fita, allurar zafi tana nuna maka lafiya lau alhali can ciki wani waje yana ƙonewa. Na ɗaura tankin a jikin bangon da ke gaban direba, sama da komai.

Amma abin da na fi so in yi magana a kai shi ne iska, don na lura duk wanda motarsa ke tafasa abin da ake fara ce masa shi ne ka sa babban lagireto, ka sa mai layi biyu, babu mai tambaya ko iskar ma tana ratsa wanda ke ciki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da inji ke ƙonawa ta ruwa yake fita, ruwan kuma ba shi da inda zai kai shi sai iskar da ta bi ta tsakanin siraran ganyayyakin nan. Ita kuwa iska kamar ruwan ban-ruwa take a lambu, in kwalbatin ya sami ɓaraka ta nan zai zurare ya bar fangalin a bushe. A motar kamfani injiniyoyi sun riga sun toshe duk wata kafa da robobi, mu masu haɗawa a gida gefe da gefe a buɗe, sama a buɗe, ƙasa a buɗe, iskar sai ta zagaye lagireton ta wuce abinta, mafi muni ma in kana tsaye zazzafar iskar da fanka ta fitar ta baya sai ta kewayo ta gefe ta sake shiga ta gaba. Don haka na sayi falankin alminiyom na yanka na yi masa kamar akwati daga gril har zuwa fuskar lagireto, duk haɗin na liƙa soso mai jure zafi, duk iskar da ta shigo ta hanci ba ta da hanya sai ta ciki. Sannan wadda ta shiga dole ta sami mafita, na fasa tagogi a gefen bodi ta bayan tayoyin gaba.

Fanka ta lantarki ce, na sa ta a baya tana zuƙowa, don wadda ake sawa a gaba jikinta kansa yana tare iska. Na bar mata ƙwaryarta ta roba da ke rufe bayan lagireton, kar ku yarda a ce muku ado ne a cire, in babu ita fankar zagayen da ke gabanta kaɗai take ja, kusurwoyi huɗu suna zaune da zafinsu. A wannan injin bututun salansa ta gaba yake fitowa, daf da fankar, sai da na matsar da lagireton gaba kaɗan na sa faifan tare zafi a tsakani don kar robar ta narke. Bayan an haɗa waya ku sa takarda a gaban gril, in ta manne to daidai ne, in ta tashi an juya wayoyin.

Sai muka zo kan rigimar da na san za a yi. Mai rewaya ya ce, yallaɓai a nan ƙasar dairek ake haɗa fanka a cire tamostat, na Turai ne, mu zafi gare mu. Ina girmama shi sosai amma ban yarda ba, kuma abin yana damuna yadda ya zama al'ada a garejinmu. Tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya ɗau zafi, a injin nan yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, a Kano ko a Japan zafin da injin ke so ɗaya ne. In ka cire shi, da safiyar hunturu injin zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutarsa tana ganin sanyi tana ta ƙara fetur, fulogi na yin baƙi, man inji na gurɓacewa, ringi na cinyewa a hankali. Fanka dairek kuma tana jan wuta tun daga tayarwa har kashewa, ko kana gudu a babbar hanya inda iskar gaba ta ishe ka, ta gajiyar da altaneta ta kuma ƙone kanta da wuri, ranar da ta mutu a cikin go-sulo ba za ka ankara ba sai tururi ya tashi.

Mun haɗa ta da rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babba, da fiyus mai amp 30, waya mai kauri daga batir zuwa ƙafar rilen mai lamba 30, ta 87 zuwa fanka, 85 da 86 su bi ta suwic ɗin zafi. Na Golf ɗin da ke ɗaure a jikin lagireton na yi amfani da shi, yana haɗa wuta a wajen digiri 95. Ku kula fa, na Toyota akasin haka yake aiki, shi a haɗe yake in da sanyi, sai zafi ya kai yake yankewa, shi ya sa in ka zare soket ɗinsa a Corolla fanka ke tashi, in ka gauraya tsarin biyu sai ta riƙa juyawa da sanyi ta tsaya da zafi. Na ƙara wani makunni a gaban direba na ko-ta-kwana.

Ruwa kuma ban zuba na rijiyar burtsatse ba, shi ke barin gishiri da tsatsa, kulan na sa rabi da rabi da ruwan batir wanda ba asid ba. Na tayar da motar murfin tankin a buɗe ina matsa tiyo har kumfa ta daina fitowa, tiyon ƙasa ya ɗau zafi alamar tamostat ya buɗe, sannan na rufe. Murfin nan shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100 ya kai shi wajen 120, don Allah kar wanda ya buɗe shi da zafi.

Na bar ta a tsaye cikin ranar azahar tana aiki, fanka ta tashi da kanta, ta yi ɗan lokaci ta tsaya da kanta, ta sake tashi ta sake tsayawa, wannan tsayawar ita nake jira don ita ke nuna lagireton ya fi ƙarfin zafin, na ji daɗi ƙwarai wallahi. Saura in sa raga a gaba saboda tsakuwa da ƙaiƙayi, gwaji na gaske kuma sai watan Afrilu in zafi ya haura digiri 40, in Allah ya kai mu. Yanzu dai birki ne a gabana.