"Ai na'ura ce ta yi"

Na ajiye aiki a sutudiyon da nake montaji, wato yanka da haɗa hotunan fim, kuma tunda a fada kowa da irin labarin da yake bayarwa, gara a ji daga bakina. 'Yan fim na Maradi sun san gidan, sun san mai gidan, ba sai na kama suna ba.

Rigimar ta taso ne daga fim ɗin da muka ɗauko kan ambaliyar 1945, wadda ta ci tsohon gari a bakin Gulbi har aka tashi mutane aka mai da su kan tudu, inda Maradi take a yau. Kusan kowane tsohon gida yana da guntun labarin nan a bakin kakanni. Wahalar a ɗauka take: ba mu da kuɗin gina unguwa guda mu rushe, balle ruwan da zai rushe ta. Da a da ne, sai dai a zaunar da tsohuwa kan tabarma ta ba da labari. To amma Alhaji, mai gidan, ya ga abin da Sora, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai haɗa bidiyo daga rubutu, ke fitarwa tun da kamfanin OpenAI ya nuna ta a Fabrairun 2024, ya kuma ji cewa Tyler Perry, mai shirya fina-finai a Amurka, ya dakatar da aikin faɗaɗa sutudiyonsa na dalar Amurka miliyan 800 bayan ya ga irin hotunan. Shi ke nan magana ta zauna masa. Ya sallami mai gini, ya sallami dattijon da ke kula mana da kayan sawa, ya leƙo ɗakina ya ce, "Kai, ka rubuta wa na'ura ta yi mana garin."

Ba zan raina ƙirƙirarriyar basira ba, don na ga yadda take gudu. A 2023 Gen-2 na kamfanin Runway 'yan daƙiƙoƙi yake bayarwa, fuska na narkewa, yatsu na ƙaruwa. A Yunin 2024 Kling ya fito daga kamfanin Kuaishou na ƙasar Sin, motsin jiki ya fara kama da na mutane. A Maris ɗin 2025 Gen-4 ya zo da damar ka ba shi hoton mutum ya yi ƙoƙarin riƙe kamanninsa daga wannan fitowa zuwa waccan, bayan wata biyu Veo 3 na Google ya fara haɗa hoto da sauti a guntayen daƙiƙa 8. Ruwa kuwa sun iya shi. Jan ruwa mai laka yana turo itace, yana cin gindin katanga, wallahi ranar da na fara gani sai da tsigar jikina ta tashi.

Garin ne ba su sani ba. Ka rubuta da Faransanci ko Ingilishi cewa kana son garin Hausa na ƙasa a shekarun 1940, sai ta kawo maka gini irin na masallacin Jenne a Mali, ko bukkoki a fili da mutane cikin jan mayafi irin na Masai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: da hotunan da ke intanet aka koyar da su, namu kuwa kaɗan ne a can, na wancan zamani ma sun fi ƙaranci. Rumbu ta dasa shi a ƙasa ba duwatsu a ƙarƙashi, ba hular ciyawa. Soro ba zanko, rufi ba azara. Akwai wata mata da na so in nuna tana gudu da goyo, ƙwarya a kai. A guntu na farko tsagar Gobirawa na kumatunta, a na biyu ta koma goshi, a na uku ƙwaryar ta zama robar wanki shuɗiya. Kowane gwaji kuma kuɗi ne, da dalar Amurka ake sayen damar, ta katin wani abokina, ko hoton ya yi ko ya lalace farashi ɗaya.

Hanyar da ta fisshe ni ita ce in daina ba ta rubutu zalla, in ba ta hoto na gaskiya ta motsa shi. Na hau kabu-kabu zuwa Tibiri da Jiratawa ina ɗaukar tsofaffin katangu, rumbuna, darni, tukwane. Na koma wurin dattijon da aka sallama, ya buɗe adakarsa ya fito mini da saƙi da bante da zanen da matan lokacin ke ɗaurawa, ya sa jikarsa ta ɗaura ta ɗora ƙwarya na ɗauka. Shi ya tsayar da ni a kan wani hoto ya ce, "Ɗana, wannan ɗaurin kallabin na bayan 'yancin kai ne, cire shi." Aikin dare ne akasari, lokacin da layi ke sakin jiki, in wuta ta ɗauke a tada janareta. Minti kaɗan na fim, amma duk wanda ya gani ya ce ga garin da kakarsa ke faɗa.

Ranar da aka nuna wa baƙi, ina tsaye a baya na ji Alhaji na cewa shi da kansa ya zauna da na'ura har ta fahimce shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da na je karɓar haƙƙina ya miƙo rabi. Na ce, "Alhaji, ba haka muka yi ba." Ya ce, "Ai na'ura ce ta yi. Kai me ka ɗauka? Ko kyamara ba ka riƙe ba." Na tuna masa dattijon kayan sawa, ya ce shi bai aike ni wurinsa ba.

Wannan na haɗiye. Abin da ban iya haɗiyewa ba na Baba ne, tsohon ɗan wasan da ya fito a matsayin mai unguwa. Ciwo ya kwantar da shi kafin a gama fitowarsa. Alhaji ya ce in kwashi fuskarsa da muryarsa daga abin da muka riga muka ɗauka in ƙarasa sauran, in kuma ajiye su don fim na gaba. Na ce, "Ranka ya daɗe, an gaya wa Baba?" Ya ce, "A gaya masa don me? Na biya shi na wancan." Mutumin da tun muna yara yake sa mu dariya a dandali, yana kwance ana neman kuɗin magani, za a sa bakinsa ya faɗi abin da bai faɗa ba, a sayar, ko sisi bai gani ba. A Amurka 'yan wasa sun yi yajin aiki na kwana 118 a 2023, kuma cikin abin da suka samo har da cewa ba a ƙera kamannin mutum sai da yardarsa da biyansa. Mu nan ba mu da ƙungiyar da za ta tsaya haka, sai dai kunya da tsoron Allah. Na ce ba da hannuna ba. Kafin sati ya zagayo an kawo wani yaro ya zauna a kujerata, na kuma ji ana cewa wai na tsufa da sabon zamani, ni da na koya wa gidan yadda ake buɗe manhajar.

Sauran abin da na koya gajeru ne. Duk aikin da za a yi da waɗannan manhajoji a rubuta farashinsa a takarda tun kafin a fara, har da kuɗin gwajin da zai lalace. Kada ka yi wa kowa alkawarin doguwar fitowa mai magana, guntaye take bayarwa, kai ne mai ɗinki. Ka ajiye hotunan da ka ɗauka da hannunka a faifanka, da sunan mai kayan a jikin kowanne. Ɗan wasa kuma, babba ko ƙarami, ya tambaya a fili ko za a sake amfani da fuskarsa bayan wannan fim.

Na je gaida Baba na gaya masa komai a gaban babban ɗansa. Sun ce za su kai maganar gaban mai unguwa, kuma na ce in an kira ni shaida zan je.